Lamba Sha Shida

Shekara ashirin da uku ina zaɓen iri a Tarna.
Na san zongo tun yana ƙwaya a tafin hannu,
na san zanfarwa ko an cuɗe su a tiya ɗaya.
Sai ga ni ranar Talata a kan bencin asibiti,
hula bisa gwiwa,
wadda na girme wa nesa tana koya mini iri.

Sahura ta je awo, ba don ciwo ba.
Maƙwabciya ce ta ja ta, wai makon nan kyauta ne.
Aka shafo abin shafowa da tsinken auduga,
aka toshe kwalba, aka ba motar Yamai.
Mako biyar. Har mun manta.
Takarda ta dawo da lamba a goshinta:
sha shida.

Madam Zuwaira ta kife takardar, ta yi zane a bayanta.
Ta ce ƙwayar nan dangi gare ta, sun haura ɗari biyu,
suna ɗaya suke amsawa, hali kowa da nasa.
Wasu baƙin kwana biyu ne, jiki ya sallame su ba a sani ba.
Wasu iyakarsu ɗan tsiro a fata.
Sha shida da sha takwas su ne masu shimfiɗa tabarma
a bakin mahaifa, shekara goma, sha biyar, tsit,
wata rana a tashi da sankara.
Ta ce gidan sha shidan ma ɗaki-ɗaki ne:
rubutu ne mai baƙi wajen dubu takwas,
kaɗan su kauce, reshe ya rabu da reshe,
wani ya fi wani naci.
Na ce, namu ɗan wane ɗaki ne?
Ta ce takarda ba ta kai nan ba.

Ni kuwa ƙuduji na tuna,
yadda yake kwana a ƙasa damina bayan damina
gona tana kore, mai gona yana godiya,
shi yana can yana shan saiwa.

Akwai tambayar da ta zauna tsakaninmu a bencin nan
kamar mutum na uku.
Ban yi ta ba. Sahura ba ta yi ta ba.
Madam ce ta amsa, idonta a kan alƙalami:
namiji yana ɗauke da ita ba tabo ba zazzaɓi,
kuma ba a rubuta mata ranar zuwa.
Na dubi hannuna.
Hannun da ke ɗaure wa zangarniya jakar takarda
don kada iska ta kawo mata bununin wata gona.
Gero na tsare haka.

Aka shiga da ita bayan labule.
An ce ruwan tsami ya nuna fari, bai kai ɓawon gyaɗa ba.
An ce an ƙone shi, tun bai yi saiwa ba.
Ban gama jan carbi zagaye uku ba ta fito
tana gyara ɗaurin kallabi.
A dawo baɗi war haka.

Ba mu hau kabu-kabu ba, ta ce ƙafa take so.
A bakin kasuwa ta tsaya taya tumatirin Jiratawa,
ta yi ta ja da yaron a kan dala biyar
har ta ci shi.
Ban taɓa jin daɗin rowarta kamar ranar ba.

Da dare na buɗe littafin da nake rubuta iri,
ƙarƙashin ranar shuka da ranar huda
na sa: Sahura, watan bakwai, komawa.
Ɗiyarmu Ramu tana barci da littafin lissafi a ƙirji,
shekararta sha ɗaya.
Na ƙara layi:
a tambayi Madam batun allurar ƴan mata.