Zoben Eulogia

A kasuwar El Alto, inda iska ba ta cika huhu,
Eulogia Tarqui ke zama tun asuba kan buhun dankali,
cikin wata bakwai ƙarƙashin siket uku.
Banɗakin kasuwa sai da kuɗi.
Sai ta matse, ta rage shan ruwa.
In ta tashi, wa zai tsare mata kaya?

Da fitsari ya fara yi mata zafi kamar barkono
ba ta gaya wa kowa ba.
Ta dafa gemun masara ta sha, irin na kakarta,
ta ce sanyin duwatsu ne, zai wuce.

Sati biyar bayan nan ta shigo ɗakina,
ba don mara ba, ba don ciki ba,
wai in cire mata zobe, ya maƙale.
Na kama hannun.
Yatsu sun tashi kamar ƙullin da ya kwana.
Na ce, kanki fa?
Ta ce, yana sara, kuma ina ganin taurari da rana tsaka.

Na ɗaura mata ma'aunin jini.
Ɗari da sittin da biyar.
Na sake, ko na'urar ce ke ƙarya.
Ba ta yi ƙarya ba.

Shekara goma sha tara ina wannan aiki,
ba zan rantse cewa zafin can ne ya haifi wannan ba.
Likitoci ma cewa suke: mai yiwuwa,
ƙwayar cuta kan tayar da jijiyoyin jini,
mahaifa ta ji a jikinta.
Abin da na sani, na sha ganin su biyun
suna bin juna kamar hadari da tsawa.

Da almakashin ƙarfe muka yanke zoben.
Ta yi kuka don shi, ba don kanta ba.
Motar asibiti ta gangara da ita La Paz
kafin jijjiga ta riga mu.

Jiya ta dawo, goye da 'ya ƙarama kamar kwalbar man ja,
guntun zoben rataye a wuya da zaren ulu.
Ta ajiye mini dankali shida a kan tebur,
ta zaro gorar ruwa daga zaninta, ta sha,
ta ce, Saturnina mai albasa ce ke duba mini kaya yanzu.
Ina banɗakinku yake?