Lambobin Ƙofa

Ni na rubuta lambobin.
In kun je ku duba: shuɗin fenti, hannun bahago,
bakwai ɗina mai lanƙwasa kamar lauje.

Shekarar da kogi ya hau Saga cikin dare
ya tafi da tukwane da takardun haihuwa,
wata uku muka kwana a ajin lakwal,
ƙarƙashin allo mai sauran lissafin yara.
Sai rediyo ta ce Alhaji Tankari Mai-Tirela
zai gina gida ɗari biyar, don Allah.
An ce kuɗinsa, in an jera su jika-jika,
sai su kai Gaya su dawo ba su tsinke ba.
Mata suka yi guɗa. Ni ma na shafa.

Aiki ya same ni a filin, bayan gari,
inda gudurun ya gaji, yashi ya karɓa.
Nomawo, shugaban lebura, ya miƙo gwangwani.
Na yi ɗaya, na yi biyu, na yi uku.
Ya ce, "Ta gaba, sa mata sha ɗaya."
Na dube shi. Ya dubi takalminsa.
"Sauran suna tafe, gurbi ake bar musu."
Haka na yi ta tsallake kamar mai ƙetare kwata
har ƙofar ƙarshe ta sha ɗari biyar cif.
Jika biyu a yini.
Ina da ƴaƴa huɗu.

Ran buɗewa, rumfuna, kyamara, almakashi a faranti.
Alhaji ya ce shi ma ya taɓa kwana a tashar Wadata
da kwali ƙarƙashin haƙarƙari.
Ya yi hawaye, ina kusa, na gani.
Har yau ban ce na ƙarya ba ne.

Zuwera ce ta ɗaga murfin,
ƴar jami'a mai tabarau ɗaure da zare.
Ta bi layi-layi da tsakuwa a leda,
kowace ƙofa ta jefa ɗaya a kwano.
Tamanin da bakwai.
Ta zube, ta sake tun daga farko.
Tamanin da bakwai.

Yamai ta ɗauka, daga Bukoki har Harobanda.
A fada, shayi ya huce a kofi.
Wani ya ce, kuɗinsa ne, kai kajin gidanku ka yi wa akurki?
Wani ya ce, simintin gida ɗari biyar
duwan ta yafe wa haraji, ina sauran ya kwana?
Tsoho ya ce ba a auna zurfin rijiyar da aka sha kyauta.
Mai gyaran babur bai ɗago kai ba:
"Wanda ya kira mu tafi,
shi ya kira mu ƙidaya."

Bibata na lamba ɗari uku da arba'in.
Ruwan Agusta ya sauka, ta zauna tsakar ɗaki
tana jin sa a kan kwano, ba a kanta ba.
Ta kama min hannun riga:
"Ku yi surutunku a hankali, ɗana,
kada ransa ya ɓaci ya aiko a karɓi makulli."
Me zan ce mata?

Tawa takardar tana aljihu, da hatimi, da hotonsa.
Harande, iyali shida, gida lamba tara.
Na je na tsaya tsakanin uku da sha ɗaya.
Taku biyu ne, da tumfafiya guda,
da akuyar wani tana tuƙa.

Gobe Zuwera za ta zo tantinmu da na'urar ɗaukar murya.
Matata ta ce in yi shiru, Nomawo ya san hanyar nan.
Gwangwanin na ƙarƙashin tabarma, ban mayar ba.
Na girgiza shi ɗazu.
Abin da ya rage
zai rubuta lamba ɗaya.