Iska Kaɗan a Totil

La'asar sakaliya muka hau, ni da Intisar,
ita da gorar ruwa, ni da jirgin a hammata
kamar mai kai zakara kasuwa.
Ba shi da inji. Farin soson kwalin firiji ne
da na tsinta a bayan shagona,
na fere shi da reza dare goma sha ɗaya,
na naɗe da salatif, na cusa masa noti biyu a hanci
don kada ya tashi da girman kai.

A doron Totil iska ta yi rowa.
Na tsinko busasshiyar ciyawa na watsa,
ta yi jim, tana tunanin bashi,
sannan ta gusa taku ɗaya wajen dutse.
Intisar ta ce, Baba, wannan ai numfashin jariri ne.
Na ce, da shi za mu yi.

Na jefa.
Ya fita bisa rami, ya nutse kamu ɗaya, kamu biyu,
hanjina ya bi shi.
Can ƙasa Kasala na kwance,
Gash ya bushe, yashi zalla,
lambunan mangwaro sun yi duhu a gefensa,
hasumiyar Khatmiyya ta koma tsinken sakace.

Iska irin wannan ba ta zuwa neman mutum.
A jikin dutse take manne, siririya,
sai ka matso har fiffike ya kusa gaisawa da inuwarsa,
ka bi doron zuwa tsagar da rema ke shan hantsi,
ka juyo, hanci waje, kada ka ba dutse fuska,
ka dawo a hankali,
ka tarar ka ƙaru da ɗani guda.
Ɗani guda! Na sha wuni a kan mataccen firiji
don ribar da ba ta kai haka ba.

A zagaye na shida haɗama ta ci ni.
Na hango shirwa can sama, ko gashi ba ta motsawa,
na ja sanda, na ɗaga masa hanci.
Ya tsaya cak.
Ya karkaɗa, ya sunkuya,
ya nufi duwatsu da ka.

Ban san lokacin da rimot ya bar hannuna ba.
Shekararta goma sha biyu, ko izini ba ta nema ba.
Ta sake shi ya gangara,
abin da yatsana ya ƙi yarda da shi,
ta ba shi ƙasa ya sayi gudu,
ta kai shi kan baƙin falalen nan
da ya wuni yana shan rana,
yanzu yake amayar da ita sannu sannu.
Fiffiken hagu ya ɗaga, kaɗan.
Ta jira. Ta jingina shi a kai.
Ya hau, ba gaggawa, hawan tsoho a matakala.

Na kalli yatsunta, da ƙyar suke motsi.
Ni shekara talatin ina murɗa ƙarfe
sai ya ji magana.
Ita leɓenta na ƙasa a cije,
kanta a karkace, tana sauraron wani abu
da ba da ni ake faɗa ba.

Da ladan ya ɗaga murya iskar ta naɗe tabarmarta.
Jirgin ya sauko, ya shafi kan akuya,
ya shige cikin ƙaya bayan rumfar Ohaj mai gahawa.
Ohaj ya ciro shi, ya juya ciki, ya juya baya,
ya kara a kunne ya girgiza.
Ina injin?
Intisar ta nuna masa dutsen da haɓa.
Ya dubi dutsen, ya dube ni,
ya ƙara mana citta bai caje mu ba.

Ƙaya bakwai na zare a fiffike.
Wutsiyar ta tsage, aikin dare biyu ne,
ga firijin Hajja Batul tun Talata yana jirana.
Muka gangara cikin duhu, tana gaba,
igiyar rimot har yanzu a wuyanta.
Na buɗe baki zan ce ta kawo,
sai na ce, kula da wannan dutsen, yana motsi.