Lambar Waya a Aljihu

Ɗakin da muke ɗaukar shiri yana saman shagon taya a Kawo.
Mun manna kwalayen ƙwai a bango
don kada odar masu adaidaita ta shigo.
Ni ke zama a lungu da abin kunne,
ina jin har haɗiyar yawun baƙo.

Shekara biyu ke nan ina saurare.
Mai littafi ya zo da shi a hammata,
kowace tambaya sai ta ɓulle shafi na arba'in.
Mai humra ta shafa wa makirfo turare,
sai ka ce hanci jama'a suka kasa.
Wani mai hangen kujerar kansila
ya ce "al'ummata" sau goma sha tara. Na ƙirga.

Har na yanke hukunci a raina:
fodkas kasuwa ce, kujerar baƙo rumfa,
hirar kuwa takardar ƙunshe ƙosai.

Ran wata Laraba Gwadabe ya hawo bene,
maƙerin injin markaɗe daga Panteka,
farce baƙi ƙirin, shadda da karin guga.
Bai yi kwana-kwana ba. "Ciniki ya ja baya, shi ya kawo ni."
Ya nuna mini takarda a aljihun gaba,
lambar waya ɓaro-ɓaro,
'yarsa ta rubuta don kada ya manta.

Zulai mai gabatarwa ta ce, "Wa ya koya maka?"

Shiru.
Har na laluba ko wayar makirfo ce ta saki.

Ya ce, "Baba Bitrus.
Shi ya riƙe mini hannu ran da na fara walda.
In aka kira salla, shi ke cewa tashi, zan ƙarasa.
Da gari ya yamutse ya koma ƙetaren gada.
Na ce gobe zan je. Gobe zan je.
Goben ta yi furfura.
Gudumarsa na wurina har yau."

Minti arba'in, ban sami abin yankewa ba.

Ya sauka, ya kai bakin titi,
sai ga shi ya dawo yana haki:
"Lambar! Ban faɗi lambar ba!"
Muka kunna masa. Ya karanta ta sau uku, da ƙarfi,
ya ƙara da cewa akwai rangwame.

Na bar ta yadda take.

Bayan kwana tara ya kira ni.
An yi odar inji biyu.
Wata mata kuma ta bugo daga Sabon Tasha,
ba inji take so ba.
Ta ce Baba ya ce a kai masa gudumarsa,
kada a aiko yaro.

Ni kam na daina yanke hukunci, sai sauti.
Kuma ƙarshen kowane shiri,
daidai inda Zulai ke faɗin sunana,
nakan ɗan ƙara murya.