Maza Biyar a Bencin Baya

Ranar Litinin na buɗe rajista,
sabon aji, sunaye saba'in da biyu.
Ramlatu. "Na'am." Sahura. "Na'am."
Hindatu, Murja, Talatu guda biyu.
Sai da na juya shafi
kafin wata murya mai kauri ta amsa daga baya.
Maza biyar ne. Na sake ƙirgawa, biyar.
Sun cure a benci ɗaya kusa da ƙofa
kamar baƙin da ba su yi niyyar kwana ba.

Na san inda sauran suke.
Sagir yana jan keke daga Ɓatagarawa zuwa kasuwa.
Mu'awiya ya bi motocin Jibiya.
Nafi'u, wanda lissafi ke bi kamar raƙumi da akala,
yana ƙarƙashin lema a Ƙofar Ƙaura
da 'yar na'urar cirar kuɗi.
Shi ya ƙirgo mini albashina watan jiya.
Ya ga adadin, ya sunkuyar da kai,
ya ƙi karɓar ladansa.
Da zagina ya yi, da na fi samun barci.

Mahaifina ya koyar shekara talatin da biyar a Rafindaɗi,
alli bai taɓa barin bakin hannun rigarsa ba.
In ya ratsa, mahauta kan ajiye wuƙa su gaishe shi.
Ya rasu da takardun giratuti a ƙarƙashin matashi,
kowace a linke, kowace da hatimi.

Da ɗana Huzaifa ya zo cike fom,
na ce, "Ga tsangayarmu."
Bai yi musu ba, mu Katsinawa kunya gare mu.
Sai ya dubi babur ɗin da yake taya ni turawa kullum da asuba,
ya dube ni,
ya rubuta abin da ya rubuta.

Ba na raina matan nan, Allah shaida ne.
Sahura, da goyo a bayanta,
ta warware darasin da ya taɓa kayar da ni.
Su suka tallabe rufin da muka gudu muka bari.
Amma akwai wani yaro a ƙauyen Kaita
da zai gama firamare
bai taɓa ganin mai kama da ubansa
ya durƙusa ya gyara masa riƙon fensir ba.
Me zai ɗauka aikin namiji ne?

Da aka tashi, ɗaya daga biyar ɗin ya biyo ni.
Tasi'u, dogo, takalminsa ya sha ɗinki.
Na zaci tambaya ce kan darasi.
Takardar canjin kwas ce.
"Malam, sa hannunka ya rage."

Na so in ba shi labarin mahautan nan.
Na tuna lemar Nafi'u.
Na sa hannu.
Yatsana ya bar farin alli a gefen takardar,
ya hure shi, ya yi godiya.

Gobe huɗu zan kira.