Takardar Siminti

Kwamfutata ta girmi autanmu.
In na ɗora mata abu mai nauyi
sai ta kama huci, ta gasa min cinya.
Shi ya sa muka ce a burauza za a yi aikin:
ɗakin haya ne, kai dai kawo kanka,
kayan aiki na can a rataye.

Mu uku ne.
Barau na Samaru, maƙale da bangon laburare
inda intanet ke yoyo bayan isha'i.
Lantana na Tudun Wada
da waya mai tsagaggen gilashi da datar ɗari biyar.
Ni ina cikin birni, bayan shagon Kawu Tanimu,
wanda don littafin awonsa muka faro.
Ruwa ya ci littafin a daminar bara,
wuyan mutum arba'in da kafaɗunsu
suka narke, suka zama shuɗi.

Ɗaki biyu muka gani.

Na farko gida ne guda, har da rumbu,
kowane yaren kod da ƙusarsa a bango.
Amma kafin ƙofar ta buɗe
an sha shayi, an ɗauraye kofi,
datar Lantana ta yi sallama.
Ƙarshen wata kuma da dala ake biyan mai gida.

Na biyu rumfa ce. Latsa, ka shiga.
Sai dai ba labule,
mai wucewa na iya karanta abin da ka rubuta,
in ka tashi alwala kuma ta yi barci.

Barau ya ce gidan, gobe aikin zai girma.
Lantana ta rubuto: "Goben wa?
Ni ko yau ban samu shiga ba."
Kwana huɗu muna ja-in-ja,
ko layi ɗaya ba mu ɗinka ba.

Kawu, da allura a baki, bai ko ɗago ba:
"Sabon yanka ba a fara shi a shadda.
Takardar siminti nake samu.
In ta zauna a jiki, sai a taɓa mai tsada."

Daren nan muka shiga rumfa.
Sunayen bogi muka zuba, tunda ba labule:
Malam Wane, wuya goma sha shida.
Ga ɗigon Barau, kore, yana sauri yana tuntuɓe,
ga na Lantana, ja, yana bin sawunsa a hankali
yana tsince waƙafin da ya zubar.
Hannu uku a kwano ɗaya.
Sau biyu muka ɗebi loma guda,
na goge nasa, ya goge nawa,
muka yi dariyar da ba wanda ya ji ta wani.

Ƙarfe ɗaya saura aka ɗauke wuta.
Batirina bai kai tsawon hamma ba.
Na kwanta ina ƙirga abin da ya salwanta.

Da asuba na tashi rumfar daga barci.
Komai na nan.
Lantana ma ta ƙara aljihu: ranar karɓar ɗinki.
Barau ya bar saƙo a layi na tamanin:
"In ta zauna, mu koma gidan. Ban janye ba."

Na kai wa Kawu. Ya goge yatsa a riga,
ya shafa gilashin sama, ya shafa ƙasa,
ya daɗe.

"Ina wurin sauya tumbi?
Alhaji Ɗanjuma ba ya wata biyu da awo ɗaya."