Kuɗin Ruwa

Babana Gariba yana bin gwamnati bashi.
Haka yake faɗa a bencin mai shayi a Nima,
yana dariya, yana dafa ƙirji,
kamar ƙasar duka tana aljihun rigarsa.

Shekara talatin da ɗaya
yana noman latas a ƙarƙashin wayoyin lantarki na Dzorwulu.
Garwa a dama, garwa a hagu,
daga kwata zuwa kunya, daga kunya zuwa kwata,
sahu ɗari da ashirin kafin rana ta take.
Kafaɗarsa ta hagu ta sauka ta bar 'yar'uwarta;
telansa ma ya sani, a karkace yake yanka masa riga.

Ranar da rediyo ta ce ana neman rance a hannun 'yan ƙasa,
za a ɗaga madatsa, a ja bututu, ruwa ya je lambuna da ƙafarsa,
ya fasa asusun kujerar Makka.
Inna Memunatu ta kwana uku ba ta ce masa sannu ba.
A banki wata yarinya mai jan farce
ta nuna masa inda zai dangwala,
ta ce shekara biyar, ga uwa ga riba.
Ya dawo da takarda mai tambarin mikiya biyu,
ya naɗe a leda, ya tura gwangwanin madara,
gwangwanin ya shige ƙarƙashin gado.

Liman Sulley ya tare shi bayan la'asar:
Gariba, ka san hukuncin kuɗin ruwa?
Ya ce, Malam, su riƙe kuɗin.
Ni ruwan nake so.

Bututun sun zo, ba zan yi musu ƙarya ba.
Baƙaƙe, manya, an jibge su a bakin titi,
ga allo da sunan wani bankin ƙetare
da jerin sifili kamar ƙwan zabo.
Awaki suka fara kwana a ciki.
Yara suka samu wurin ɓuya.
Wata mai dokunu ta kafa tebur a inuwarsu,
a nan ta tara kuɗin ɗinkin 'yarta, har ta saya mata keke.
Damina ta lashe sifili biyu a jikin allon,
a littafin masu bashi ko ɗaya bai goge ba.

Da biyar ɗin ta cika
aka ce sidi ba ta da lafiya, a yi haƙuri.
Sabuwar takarda, sabon wa'adi.
Baba ya ƙirga da yatsu,
ya kai tamanin da ɗaya,
ya dubi hannun, ya mayar aljihu.

Ni ke sayen ruwan gidanmu yanzu.
Jarka rawaya, sidi uku a wajen mai tanka,
biyar in layi ya kai ƙofar masallaci.
An ce ɗana Fuseini tun kafin ranar suna
yana da kasonsa a bashin ƙetaren nan.
Kaka na bi, jika na biya,
a ɗaki ɗaya, a tabarma ɗaya.

Daren Talata, ƙarfe uku saura,
famfon tsakar gida ya yi tari.
Ya sake tari, ya tofar da tsatsa,
sai ga shi, siriri kamar zaren ɗinki.
Gida ya tashi, bokiti na karo da bokiti.
Baba ya fito da buta kawai,
ya jira layi bayan matan haya,
ya cika ta, ya ɗaga ta ga fitila, ya daɗe yana kallo.
Ya ce, rubuta, 'yata: sun biya buta ɗaya.

Minti arba'in ya yi, ya ɗauke.
Da asuba na ji ƙarar garwa biyu
suna gaisawa a bakin ƙofa.